Tsohon da Suka Ce Ya Ruɗe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi a gidan kula da tsofaffi da ke unguwar Sentul a nan birnin KL, kuma kafin la'asar hotonsa ya cika wayoyinmu.

Ba fuskar da na sani ba ce a hoton. Wani tsohon hoto aka tono, Baba yana tsaye a filin jirgi cikin babbar riga, gashinsa baƙi wuluk, ya dafa kafaɗar wani saurayi mai riƙe da jaka. Wannan saurayin yanzu farfesa ne a gida Najeriya. Shi ya fara sa hoton a zaurenmu na wasap, ya rubuta cewa yau ya sake zama maraya. Wani daga unguwar Bukit Jalil ya ce an yi rashin da ba za a maye gurbinsa ba. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ya turo saƙon murya mai tsawo, yana cewa Baba uba ne ga duk Bahaushen da ya taɓa taka ƙasar nan ta Malayawa. Mata suka yi ta jero addu'o'i. Can sai wata ta rubuta, "Wai dama yana KL? Ni na ɗauka ya koma gida tuntuni."

A ranar, ita kaɗai ce ta faɗi gaskiya.

Maigidana ya dawo daga jana'iza yana ba ni labarin yadda motoci suka toshe layin masallaci, yadda aka yi ta turereniya wajen ɗaukar makara. Na ce masa, "Duk waɗannan ƙafafun, ina suke yana da rai?" Ya ce, "Ki yi haƙuri, yau ba ranar wannan maganar ba ce." Yau sati uku ke nan, kuma na gane ranar wannan maganar ba za ta taɓa zuwa ba in ban kawo ta da kaina ba. Shi ya sa nake rubutu.

Ba zan yi ƙaryar cewa tsabar neman lada ce ta kai ni gidan nan ba. Kaɗaici ne. Maigidana yana karatun digirinsa na uku, kullum yana makaranta, ni kuma ina zaune a hawa na tara a Taman Melati ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Bamalaya da ta yi ritaya daga aikin jinya, wadda kowa ke kira Kak, ita ta ce in riƙa binsu. Su mata ne 'yan sa-kai, duk Asabar suna zuwa gidan tsofaffi. Ba wani babban aiki ba ne. A yanke wa wannan farce, a taje wa waccan kai, a karanta wa wani jarida, a zauna a saurari labarin da aka ji satin da ya wuce kamar yau aka fara jinsa.

A zuwana na uku, wata ma'aikaciya ta kalle ni ta ce da Turanci, "Akwai ɗan Afirka irinki a ɗakin ƙarshe. Amma kada ki wahalar da kanki, ya ruɗe. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye surutai kawai yake yi, babu ma'ana."

Na je dai. Daga bakin ƙofa na hango shi a keken marasa lafiya, ya ba ni baya, yana kallon taga. Yana ta magana shi kaɗai, harshensa da nauyi. Na tsaya na kasa kunne.

"Shayin nan ba sukari. Kullum sai na faɗa, kullum ba sukari. Wai waɗannan wane irin mutane ne?"

Na ce, "Salamu alaikum. Baba, ina wuni?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Sake faɗa."

"Ina wuni, Baba. Yaya jiki?"

"Jiki da sauƙi," in ji shi, don haka ake cewa. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na zagaya gabansa na durƙusa. Hawaye yana zuba, gefen fuskarsa ɗaya yana kuka, ɗayan yana nan a sake kamar ba nasa ba. Da ya samu numfashi sai ya ce, "'Yar ina ce ke?"

Na ce Kano.

"Bakanuwa? To tsaya in ɓoye agogona." Shi Bazazzagi ne, kuma daga ranar har ƙarshe bai taɓa kirana da wani suna ba sai Bakanuwa.

Baba bai ruɗe ba. Ya san ranar da ake ciki, ya san sunan kowace ma'aikaciya da halinta, ya san wadda take murguɗa baki in ta juya. Ya zo ƙasar nan karatu yana saurayi, ya koyar a nan, ya auri Bamalaya, suka haifi 'ya ɗaya, matar ta rasu. Ya fi shekara talatin yana Malayanci da Turanci kamar ruwa. Ciwon da ya shanye masa hannu da ƙafa shi ya kwashe harsunan nan biyu, ya bar masa Hausar da ya sha a nono da Larabcin sallarsa. Kak ta ce min ta sha ganin irin haka a asibiti. Amma a takardar da ke rataye a ƙarshen gadonsa an rubuta cewa bai san inda yake ba. Sama da shekara biyu yana roƙon sukari, yana cewa takalmi ya matse shi, yana gaida mutane da safe, ana shafa masa kai ana ce masa, "Boleh, boleh," wato "to, to", kamar yaro.

Ban ga laifin ma'aikatan sosai ba. Ina za su san Hausa? Ainihin laifin kuwa, ban ma jira dare ba, da la'asar ɗin nan na gan shi, lokacin da na faɗa wa maigidana sunan tsohon.

Ya ajiye cokali ya ce, "Kai! Ai wannan shi ne Baban filin jirgi."

Kowa ya san shi ashe. Kafin a samu wayar da za ka danna mota ta zo, shi ne yake zuwa tarar duk ɗalibin da ya sauka daga gida. A falonsa suke kwana har su samu ɗaki. Shi yake nuna musu kedai, wato shago, mai sayar da kuɓewa, da mamak, wato gidan cin abinci, da ba za a cuce su ba. Shi ya tsaya wa wasu waliyyi, shi ya raɗa wa 'ya'yansu suna. Da ciwon ya same shi sun cika asibiti a satin farko. Daga nan kowa ya kama gabansa. Daga Taman Melati zuwa Sentul, ko da cunkoso, ba ka cika rabin awa a mota.

Na fara kai masa tuwo da miyar kuka a kula. Ba ya yarda a ba shi a baki. Hannun dama ya mutu, sai ya ɗaga na hagu ya kalli sama ya ce, "Allah, ka dai ga hannun da ka bar min," sannan ya yi bismilla. In an kawo musu kunun shinkafar gidan, fari sol ba gishiri, sai ya leƙa kwanon ya ce, "To, madalla da wannan." Haka yake cewa ga duk abin da ya raina. Aka sauya masa magani, madalla da wannan. Aka kunna musu waƙa a falo wai don su yi tafi, madalla da wannan.

Abokin ɗakinsa wani tsohon Basine ne da ya yi aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Sentul tun tana aiki. Ankul muke ce masa. Babu kalma ɗaya da ta haɗa su, amma Baba ya koya masa dara. Kwali suka zana, murafun kwalba ne 'ya'yan. Sai ka ji Baba ya daka tsawa, "Ɓarawo! Na ga ka matsar da shi!" Ankul ya koyi kalmar, shi ma in an cinye shi sai ya nuna Baba da yatsa ya ce, "Balawo!" su yi ta dariya har tari ya sarƙe su.

Lokacin bikin sabuwar shekarar Sinawa, Ankul ya sa jar rigarsa tun safe ya zauna a bakin ƙofa yana jiran ɗansa. Ɗan bai zo ba. Washegari ya ƙi cin abinci, ranar da ta biyo baya ma haka. Da na zo ranar Asabar na tarar ma'aikata sun rasa yadda za su yi, don yanzu mutum biyu ne ba sa ci. Baba ya sa an tura kekensa gaban gadon Ankul, ya ture nasa farantin gefe, ya zauna yana kallonsa. Na ce, "Baba, kai da kake shan magani?" Ya ce, "Bakanuwa, ba ruwanki." Ya buɗe kular da na kawo, ya gutsuri tuwo da hannun hagu, ya dangwala miya, ya miƙa wa Ankul. Miya tana ɗiga a zanin gado, amma bai sauke hannun ba. Ankul ya kalle shi ya kalle shi, sannan ya buɗe baki. Ya yamutsa fuska saboda kuka ba abincinsu ba ce, amma ya haɗiye. Sai a lokacin Baba ya jawo nasa farantin.

Sau ɗaya muka yi faɗa da Baba, kuma shi ke da gaskiya.

Ni na kai maganarsa ƙungiya. Na ce ga ubanku can a Sentul, bai ruɗe ba, mai yi masa Hausa kawai yake nema. Aka yi ta salati. Aka tsara jadawali, kowane sati gida biyu za su je. Aka ce za a fara da babbar ziyara a cikin azumi. Ranar suka zo su fi goma, da ƙyallen ƙungiya, da kwalin kayan shayi da sabulu. Suka cika ɗakin har Ankul ya ja bargo ya rufe kai. Kafin a gama gaisawa, shugaban ƙungiya ya ɗora kwalin a cinyar Baba, aka jeru a bayansa, aka ɗaga wayoyi.

Baba ya ce, "Ku ɗauke min kwalin nan. Ni ba tebur ba ne."

Aka yi 'yar dariya, aka ɗauka wasa yake. Sai ya ƙura wa wani malamin jami'a ido, mai furfura a gemu, ya ce, "Kai, matso. Ba kai ne ka yi wata uku a falona ba? Kana kuka kana cewa za ka koma gida, ba ka iya cin abincinsu?"

Malamin ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Wallahi hidimomi ne suka yi yawa."

"A ina kake zaune yanzu?"

"Nan Sentul, Baba. Sababbin benayen nan."

"Waɗanda nake hangowa ta tagar nan?"

Malamin ya gyaɗa kai.

"To, madalla da wannan," in ji Baba.

Ba su yi minti ashirin ba suka ce za su tafi kada buɗa-baki ya same su a hanya. Suna fita ya juyo kaina. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Ke kika kawo su. Na ce miki ina neman 'yan kallo?"

Ni ma raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, so nake su san kana nan."

"Sun san ina nan."

Asabar ta gaba ya juya wa bango fuska har na gaji na tafi. Wadda ta biyo baya na ajiye kula na zauna. Ya ci, ya ci, sannan ya ce, "Bakanuwa, gishirinki ya yi yawa." Shi ke nan sulhunmu. Hoton nan kuwa, da kwalin a cinyarsa, sai da aka sa shi a zaure da dogon rubutu a kan zumunci. Jadawalin yana nan a wayata har yau. Ko gida ɗaya bai je ba.

'Yarsa ma da farko na sa ta cikin masu laifi. A raina na ce wace irin 'ya ce za ta kai ubanta irin wannan wuri. Sai da na haɗu da ita wata Lahadi na ji kunyar kaina. A hawa na huɗu take, benen babu lif, ga aiki, ga yara biyu, mijinta yana aiki a wani gari. Ta gwada riƙe shi a gida, ya faɗi a banɗaki tana wurin aiki, ya yi awoyi a ƙasa. Duk Laraba da Lahadi tana zuwa. Ta zauna ta riƙe hannunsa tana yi masa Malayanci, shi yana yi mata Hausa, kowa yana gyaɗa kai, babu mai jin wani. Ba ta jin ko "zo". Baba da kansa ya ce min, "Laifina ne. Na ce me za ta yi da Hausa a nan? Ga shi na gani."

Ranar na zama tafinta tsakanin uba da 'yarsa. Ta fara da ƙananan abubuwa, ko yana barci, ko ƙafar tana ciwo. Can ta ce min, "Tambaye shi ko yana fushi da ni da na kawo shi nan."

Na tambaye shi.

Ya ce, "Gaya mata na yi fushi. Watannin farko ko fuskarta ba na son gani. Na ce 'yar da na goya a kafaɗa ta jefar da ni."

Na fara neman yadda zan sassauta maganar.

"Faɗa mata duka," in ji shi. "Kada ki rage. Na san halinku."

Na faɗa mata duka. Ta toshe baki da gyale.

"Yanzu gaya mata ya wuce. Na ga yadda take shigowa da gudu da takalmin aiki. Ni ban yi wa nawa uban rabin haka ba, yana ciwo ina nan ina karatu, sai wasiƙa na samu. Gaya mata na yafe, ita ma ta yafe min. Kuma ta daina kawo min lemon nan mai tsami, Ankul nake ba."

Ta yi kuka, ta yi dariya, ta kifa kai a gwiwarsa tana cewa, "Abah, Abah." Wannan kalmar ba ta buƙaci tafinta ba.

Yanzu saura nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi a bayan na kowa ba.

Maigidana ya kammala karatu. 'Yan'uwansa suka zo daga gida bikin yaye ɗalibai, gidan ya cika. Ina girki, ina kai su kasuwa, ina raka su kallon gari. Asabar uku ban je Sentul ba. Kak ta ce min jikin Baba ya yi sanyi, na ce in sha Allahu da baƙi sun tafi.

Ranar addu'ar uku muna gidan 'yarsa. Falo cike da matanmu, ana cin shinkafa, kowa tana ba da labarin alherin da Baba ya yi wa mijinta. 'Yar ta kama hannuna ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta ce, "Kin saurari saƙon da na turo miki?"

Na tuna. Ranar Lahadi ne, ina tsakiyar shago da dangin miji ana zaɓen gyale, na ga saƙon murya daga gare ta. Na ce zan ji in na koma gida. Ban ji ba.

Ta ce mutum uku ta tura wa, ni da shugaban ƙungiya da malamin nan na sababbin benaye. Babu wanda ya amsa. Tun ranar Lahadin Baba yake maimaita magana ɗaya, bai daina ba har safiyar Talata. Akwai kalmar da take yawan fitowa, ma'aikata suka ɗauka yana cewa kipas, wato fanka da Malayanci. Sai suka kawo fanka suka kunna suka saita masa. Ya ci gaba da faɗa, suka ƙara mata ƙarfi.

Ta danna wayar. Muryar Baba ta fito, a shaƙe, ga ƙarar fanka a bayanta.

"Ku juya ni gabas. 'Yan nan, don Allah ku juya ni gabas. Gabas."

Ta zuba min ido. "Me Abah yake cewa? Wasiyya ce? Sunan wani ne?"

Da alƙibla ya ce, da kowa a gidan nan ya gane, don kusan haka suke faɗa da harshensu. Amma gabas ya ce, yadda ake cewa a Zariya, yadda ya ji uwarsa tana faɗa. Ya san tafiya ta zo, yana so ta same shi yana fuskantar Ɗakin Allah. Kwana biyu yana roƙo.

Na so in yi mata ƙarya. Na so in ce albarka yake sa mata. Bakina ya ƙi. Na faɗa mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta jingina da firji ta sunkuyar da kai. Ta ce ƙofa yake kallo lokacin da ya cika, sai bayan rai ya fita suka juya shi, kamar yadda suke yi wa kowane Musulmi. Sannan ta ɗago ta ce, a hankali, "Gadon yana da taya. Da ni kaɗai ma zan iya."

Daga falo muna jiyo wata tana cewa ai Baba ya yi sa'a, ya samu jama'a.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya rubuta masa abin da ya yi niyya kamar ya samu. Allah ya yalwata kabarinsa, ya haɗa shi da waɗanda za su amsa masa in ya yi magana. Allah ya ba 'yarsa haƙuri. Mu kuma da muke jin Hausa a garin nan, ni ce ta farko, kada wanda ya sake turo min hotonsa.